Mahaifina Ya Ce a Fito da Jirgin Tudu, Mijina Ya Tattara Kayansa

Zuwa ga Itta Nabisa, yayarmu,

Don girman Allah ki taimake ni, kuma ki ba ni amsa a fitowar jaridar Lahadin nan, domin zuwa Alhamis ta bayanta aka ba ni. Kada ki sa sunana. Na san duk wanda ya san gidanmu a Beypore zai gane ni, amma dai kada ki sa.

Shekarata ashirin da uku, shekara biyu da aure. Mijina, bari in kira shi Shamsir, ya yi shekara takwas yana aiki a Sharja, can ƙasar Larabawa, ya dawo ya buɗe shagon waya a cikin Kozhikode. Kamar yadda aka saba a wajenmu, miji ne yake tarewa gidan matarsa, don haka a gidanmu yake zaune, a ɗakin sama da aka ƙawata masa tun ranar biki. Mu ashirin da bakwai ne a gidan nan, Itta. Daɓen ɗakinmu katako ne. Idan na yi dariya a sama, sai in ji yayar Umma, Kadisa, ta yi gyaran murya a ƙasa. Ni kuwa mai karatun ƙananan littattafan soyayya ce, irin waɗanda ake sayarwa a tashar mota, tun ina aji bakwai nake ɓoye su a bayan buhun shinkafa. Ba na jin kunyar faɗi. A cikin kowane ɗayansu akwai wani wuri da mutum biyu suke zuwa su kaɗai, ba mai jin motsinsu. Ni ban taɓa samun irin wannan wurin ba, ko na yini ɗaya.

To ga jirgin ruwan da ya jawo maganar. Fari ne, mai filafilai, irin na masu yawon duniya, jikinsa na faiba, wata irin roba mai tauri. Yana ɗaure a kogin Chaliyar, ƙasa kaɗan da inda ake sassaƙa manyan jiragen katako. Wani tsohon Bature ne ya zo da shi, matarsa ta kamu da ciwo, suka hau jirgin sama suka tafi, damina uku ke nan bai dawo ba. Makullan suna hannun wani dillali, Kunjumon. Shamsir ya ce idan damina ta wuce zai riƙa fita da ’yan yawon buɗe ido, amma tafiyar farko tamu ce mu biyu, har tsibiran Lakshadweep. Ya hau irinsa sau biyu da maigidansa a Sharja, ya ce ba wani abu ba ne mai wuya. Sayen jirgin yake so ya yi, amma abin da ke hannunsa rabin kuɗin ne. Sauran rabin gwal ɗina ne na aure, har da ɗamarar kakata.

Da kin ga cikinsa, Itta. Katako ja yana sheƙi, ’yan tagogi zagayayyu, wani ɗan murhu da yake lilo da kansa don kada tukunya ta kife. Matar ta bar labulenta masu ruwan bula. Akwai wata ’yar kanta mai shinge a kan gadon, daidai tsayin littattafaina, kamar an auna. Na zauna a wurin na rufe ƙofa, na ji shiru, sai ruwa yana lasar jikin jirgin. Wallahi sai da na yi kuka.

Ni na roƙi Uppa, mahaifina, ya zo ya gani. Ba don ya duba ba, don ya yi alfahari da ni. Mahaifina ya yi shekara arba’in yana shugabantar masu jan jirage, waɗanda suke shigar da jirgi ruwa su fito da shi da igiya da gungume. Yatsunsa biyu na hagu igiya ta cinye su, kunnensa ɗaya ba ya ji. Ya zo da farin zaninsa da wata ’yar guduma a aljihu. Ya cire takalmi ya yi ta takawa a saman jirgin a hankali, ya tsaya a gindin doguwar sandar tsakiya yana danna dunduniya. Ya shafa wayoyin ƙarfen da suke riƙe da sandar, ya dubi tafin hannunsa. Ya ɗora hannu a kan injin tun Kunjumon bai tayar ba. Sannan ya durƙusa ya ɗaga katakon daɓen ciki, sai ga ruwa kwance a ƙasa, ya kai wuyan hannu. Ya ɗebo da tafi ya kurɓa ya tofar.

Kunjumon ya ce, “To, Shugaba, gishiri ya ji ko a ƙaro sukari?” Uppa ya ce ba gishiri. Kunjumon ya tafa hannu ya ce, “Kun ji da kunnenku! Ruwan sama ne, ta taga ya shigo. Da gindinsa na yoyo ai da tsoho ya yamutsa fuska.” Uppa bai dubi Shamsir ba, ni ya duba, ya ce, “’Yata, a fito da shi tudu a ga ƙarƙashinsa tukuna. Mutanena za su ja shi, ba za su karɓi komai ba.” Kunjumon ya ce wannan ba kwalekwalen kamun sardin ba ne da za a ja shi a kan gungume a goge masa fenti, kuma akwai wani mutumin Goa da yake tafe da kuɗinsa a jaka. A cikin mota Shamsir ya ce da ni, “Ubanki ya sha ruwan dagwalo a gaban mutane, kin ji daɗi?”

Kin san yadda gidajenmu suke. Miji ango ne har ya tsufa ya mutu, Ango ake kiransa, shi ake fara zuba wa abinci, ba a musa masa a gaban kowa. Uppa ya musa masa, ko da ni yake kallo.

Ranar Juma’a bayan an sauko masallaci aka shimfiɗa abincin rana, gurasar shinkafa da miyar kifi, kowa yana nan. Shamsir ya ɗauki kofi ya cika shi da ruwa, ya zuba gishiri cokali uku yana juyawa a hankali yadda kowa zai ji ƙarar cokalin, ya miƙa wa Uppa da hannu biyu. Ya ce, “Uppa, taimaka ka ɗanɗana mana, ka gaya mana ko rijiyar gidan nan ta fara yoyo. Mu ba mu da irin harshenka.” Aka kwashe da dariya. Kadisa har da dafe ciki, tana cewa, “Kai Ango, ba ka da dama!” Abin da ango ya miƙa ba a mayarwa. Uppa ya karɓa ya shanye tas, ya goge gemunsa, ya ce, “Da gishiri, Ango.” Ya tashi ya wanke hannu, abincinsa ko taɓawa bai yi ba.

Na yi dariya, Itta. Na fi kowa ƙarfi. Shamsir yana kallona ta gefen ido, na san abin da yake jira, na ba shi.

Da la’asar na sami Uppa a bayan gida yana ɗinke bakin wata igiya. Ya ce, “’Yata, wane wata muke ciki? Je ki ɗebo ruwan kogin ki ɗanɗana.” Ni kuma raina a ɓace yake, da shi da kaina da kowa. Na ce masa shekara arba’in yana jan jiragen mutane bai taɓa mallakar ko katako ɗaya a cikinsu ba, shi ya sa ba ya so ’yarsa ta mallaka. Haka na ce wa mahaifina. Bai ɗago ba, ya ci gaba da igiyarsa da yatsunsa uku.

Amma washegari na je. Na sauka matakalar bakin kogi kusa da inda jirgin yake, na ɗebo na kurɓa. Ba gishiri ko kaɗan, ruwan damina ne ja da ya sauko daga duwatsu. Na gane abin da yake nufi: ko ta sama ruwan ya shiga ko ta ƙasa, ɗanɗanonsa ɗaya ne a wannan watan. Na gaya wa Shamsir a hankali, har na dafa masa shayi tukuna. Ya ce, “Ke ma kin ɗauki sana’ar gado? Gidan masu lasar kogi na yi aure ashe.” Ya ce ni da ban san komai ba sai takardun ƙarya da nake ɓoyewa a bayan shinkafa, yanzu ni ce zan koya masa jirgi. Ya zuba kayansa a jaka ya tafi gidan mahaifiyarsa a Feroke. Ya aiko cewa ba zai sake taka ɗakin sama ba sai ranar Alhamis ta mako mai zuwa Uppa ya je da kansa ya ba shi haƙuri, da gwal ɗin a hannunsa, daga can su wuce wurin Kunjumon.

Yau kwana biyar. Maƙwabta sun fara tambayar ina angonmu. Umma ta ce wane irin gida ne ango zai yi yaji a cikinsa a kan ruwan cokali ɗaya, kuma ƙannena mata biyu ba su yi aure ba, wa zai zo? Har ta goge wa Uppa farar rigarsa ta rataye a ƙofa. Uppa ya ce da ita gwal ɗin ba nata ba ne, ba nasa ba ne, idan na ce ya je zai je.

Ga abin da ya sa na rubuto miki, kuma ki yi haƙuri da ni. Har yanzu ina son jirgin nan. Ina son labulen, ina son shirun. Ina ta ce wa kaina Uppa katako ya sani, bai san faiba ba, wataƙila ya yi kuskure, wataƙila ruwan sama ne da gaske. Me ake dubawa kafin a sayi irin wannan jirgin? Ba zai yiwu a saya tukuna a gyara daga baya ba? Idan na ce Uppa ya je, rana ɗaya ce, zai sunkuyar da kai ya dawo, mijina ya dawo. Idan na ce kada ya je, ban san abin da zai rage mini ba. In ce ya je?

Taki cikin damuwa,
Mai Kallon Kogi, Beypore

*

Ƙanwata Mai Kallon Kogi,

Kada ki ce ya je. Na fara da wannan don kada ki yi ta nemansa a ƙasan shafi.

Marigayi mijina ya yi shekara ashirin da biyu yana duba jirage wa masu inshora a Kochi, ni nake buga masa rahotanninsa da tafireta, saboda haka na san abin da mahaifinki yake yi da dunduniyarsa. Saman irin wannan jirgin faiba ne sama da ƙasa, amma a tsakani katako ne mai laushi. Idan ruwa ya shiga ya ruɓe, ƙafa tana ji kafin ido ya gani, kuma gindin sandar tsakiya ne wuri mafi muni da zai yi laushi, domin duk nauyinta a nan yake sauka. Ya dubi tafin hannunsa ne don ya ga ko tsatsa ta biyo shi ko wata zarar waya ta tsinke. Wayoyin nan suna da shekarunsu, idan sun haura goma ana canza su ko da suna sheƙi, kuma ƙarafan da aka ɗaure su a jiki sukan ci daga ciki, inda ba a gani sai an kwance. Hannun da ya ɗora a kan inji kuwa, tambayi mahaifinki ko ya ji ɗumi. Dillalin da ya ɗuma inji kafin masu saye su iso ya san ba ya tashi da sanyi.

Duk wannan ƙanana ne a kan abin da ke ƙarƙashin ruwa. A gindin jirgin nan akwai wani ƙarfe mai nauyin mota biyu ko uku, shi yake hana iska ta kifar da shi, kuma ’yan kusoshi ne suke riƙe da shi. Kan kusoshin yana daidai wurin da ruwan nan yake kwance har wuyan hannu, ba wanda ya san tun yaushe. Idan suka saki a tsakiyar teku, jirgin yana kifewa kafin ki kai ƙofa. Ba a gane lafiyarsu sai an fito da jirgin tudu, an kankare shi, an ga ko akwai tsaga a mahaɗin ƙarfen da jiki, an bi gangar jikin da guduma taki-taki ana sauraron inda sautin ya mutu, an duba ko faiban ya yi bororo. A nan ne ake girgiza allon da yake juya jirgin a ji ko yana wasa, a murɗa kowane famfon da ya huda jikinsa a ga ko yana rufuwa. A ware filafilan a rana a karce ɗinkinsu da farce, domin damina uku a naɗe tana mai da zare gari. Sannan a fita da shi teku a gwada, wanda ba zai yiwu ba sai damina ta wuce. Dillalinku ya san haka, ya kuma san abin da kika ɗanɗana a matakala. Mutumin Goa kuwa, na sha buga labarinsa a rahotanni, kullum yana hanya.

Akwai abin da ba wanda ya tambaya a cikinku. Jirgin baƙo ne, da tutar wata ƙasa ya shigo. Ina takardar da Baturen ya sa hannu cewa a sayar? An biya kwastan abin da ake biya kafin ya zama na ɗan ƙasa? Riƙe makulli ba mallaka ba ne. Kuma idan rabin kuɗin naki ne, sunanki ya shiga takarda, ba a jikin jirgin da fenti ba.

Kin ce Uppa katako ya sani. Gaskiyarki, kuma shi ma bai ce ya san komai ba, cewa ya yi a fito da shi a gani. Ku ɗauko mai duba jirgi daga Kochi, wanda ku za ku biya, ba wanda Kunjumon zai kawo ba. Zai yiwu ya ce jirgin lafiya lau, tagar ce kawai. In haka ne ku saya, ki jera littattafanki. A saya a gyara daga baya kuwa, sai mai ragowar kuɗi, ke kuma ɗamarar kakarki ita ce ta ƙarshe.

Zan yi wa mijinki adalci. Namiji ya zauna shekara biyu a gidan mutum ashirin da bakwai, ana zuba masa abinci da fari amma ko ƙusar bango ba tasa ba, ba abin mamaki ba ne ya so wani abu da zai ce nasa ne, kuma ya ji zafi da aka nuna bai sani ba a gaban dillali. Son da kike wa shiru ma ba wauta ba ne. Amma ɗaki biyu na haya a Kozhikode, mai ƙofa da sakata, zai ba ku wannan shirun, kuma ba ya nutsewa. Ku yi wannan maganar.

Adalcina ya tsaya nan. Mutumin da ya hau jirgi sau biyu a matsayin baƙo yana shirin ratsa teku kwana biyu da ke a ciki, kuma da aka ce a duba gindin jirgin sai ya dama wa tsoho gishiri, don ya san al’ada ba za ta bar shi ya mayar ba. Wannan ba fushi ba ne, ya zauna ya auna. Yanzu kuma ya haɗa haƙurin da gwal ɗin a ƙulli ɗaya, yadda ba za ki ba da ɗaya ki riƙe ɗaya ba. Kin ce rana ɗaya ce. Ba rana ɗaya ba ce, ƙanwata. Idan wannan ya yi masa aiki, zai sake, kuma wata rana ba gwal, sai tsohon kawai za a riƙa aikawa.

Ke ma ba zan sassauta miki ba. Dariyar zan iya cewa tsoro ne. Maganar bayan gida taki ce, ba wanda yake kallonki ta gefen ido a lokacin. Mahaifinki ya bar miki zaɓin ne don ba zai iya roƙonki ba. Ki je ki same shi yau, ba Alhamis ba, ki faɗi abin da kika ce da bakinki, ki nemi gafararsa ba tare da “amma” ba. Ki ba shi gwal ɗin ya kai banki da sunanki.

Sannan ki aika wa Shamsir saƙo da kanki, gajere, ba zagi: ɗakinsa yana nan, kina son ya dawo, gwal ɗin zai fito ranar da jirgin ya hau tudu kuma mai duba ya sa hannu, kuma ba wanda zai zo ba shi haƙuri. Ki gaya wa Umma haka a gaban Kadisa, ki jure abin da za su ce, za su ce da yawa. Ba zan yi miki alkawarin zai dawo ba. Zai iya kwana goma, zai iya fin haka, zai iya ƙi. Idan ya dawo, kin sami miji da za a iya ce wa a’a. Idan bai dawo ba, zai yi ciwo ƙwarai, amma za ki ji ciwon a gidanku, a kan ƙasa, mahaifinki yana iya kallon idonki.

Allah ya sanyaya zuciyar tsohon nan, ya ba ki ƙarfin halin kwanakin da ke tafe. Ki rubuto ki gaya mini abin da aka gani a ƙarƙashin jirgin, in har an yarda an fito da shi.

Yayarki,
Nabisa